Kujera Ɗaya da Surukina Zuwa Kaulaha

Ban taɓa cewa ina son zuwa Kaulaha ba. Ni mai sayar da baƙin mai da fulogin babur ne a bakin tashar Batsari, kuma kafin waccan shekara iyakacin tafiyata Katsina ce, in saro kaya in dawo kafin la'asar. Boko na yi ta har aji biyu na sakandare, aka ce in dawo gona, na dawo, gonar ma ba ta karɓe ni ba. Mutum irina me zai kai shi ƙasar Sinigal?

Surukina ne ya kai ni. Tsoho ne mutumin Tsaskiya, can cikin Safana, manomi mai 'yan shanu, ɗan ɗarika tun yana saurayi. Ya daɗe da burin ya kai ziyara lokacin Mauludi. Da 'ya'yanshi maza suka ga ƙarfi ya fara barin shi, suka kama mashi kujera a motar da 'yan zawiya suka ɗauko, suka kama ta biyu don mai rakiya. Da tafiya ta matso, babban ya ce wurin aiki sun hana shi hutu. Wurin aikin da shi kanshi sai ya yi tambaya kafin ya gane ƙofarshi. Ƙaramin ya ce matarshi ta kusa haihuwa. Ba ta haihu ba sai da muka dawo har kumburin ƙafata ya sace. Aka duba dangi kaf ana neman wanda rashinshi ba zai tsayar da komai ba, aka same ni.

Matata ita ce ɗiyarshi ta fari, ko sunanta ba ya faɗi. Ni kuwa tun da na aure ta ban taɓa kai loma baki yana gani ba, shi ma bai taɓa ci ina gani ba. In na je Tsaskiya gaisuwa, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa daga nesa, mu gaisa kowa na kallon ƙasa, sannan a kai mani tuwo wani ɗaki can ƙurya. Na san mutanen birni sun daina wannan. Mu ba mu daina ba, tsohon nan kuwa ya riƙe abin ya fi kowa. Ko goro zai ci, in ya hango ni sai ya mayar aljihu.

Ranar tafiya da safe matata ta damƙa mani wata 'yar roba cike da ƙwayoyi.

Ta ce, "Ka san Baba yana da ciwon suga. Kullum da safe yake shan wannan. Likita ya ce in ya sha bai ci abinci ba, jiri zai kwashe shi, yana ma iya tafiya gaba ɗaya. Ka tabbatar yana ci."

Na ce, "Ta ina zan tabbatar? Mutumin da ba ya ci a gabana?"

"Kai dai ka tabbatar."

"In leƙa shi ta taga ko yaya?"

"Ka san yadda za ka yi. Kai da ka san dabarar sayar wa mutane tsohon fulogi."

Wannan ƙazafi ne, amma mota na jira, ban tsaya ba.

Doguwar mota ce mai kujeru bibbiyu, maza zalla. Shugaban tafiya, wani malami mai sanyin murya wanda ba a iya yi mashi gardama saboda ba ya ɗaga murya balle ka ɗaga taka, ya nuna wa Baba wajen taga, ya nuna mani gefenshi. Na matsa kusa na raɗa mashi cewa surukina ne fa. Ya ce, "Ma sha Allah. Mai rakiya kusa da wanda yake rakawa yake zama." Shi ke nan. Na zauna da rabin ɗuwawu, gwiwata na gudun taɓa tashi gwiwar. Direba ya yi sanarwa cewa hanyar arewa ta Nijar da Mali ba ta biyuwa a lokacin, don haka za mu gangara har Ikko, mu bi bakin teku ƙasa bayan ƙasa. Mutane suka yi ta salati don murna. Ni na fara lissafin yadda za a yi da ciki.

Ba mu wuce Funtuwa ba kowa ya kwance guzuri. Dambun nama, soyayyar kaza, gasasshen dankali, ƙuli mai yaji. Motar nan ta ɗauki ƙamshi har ido na ruwa. Ni da Baba muka miƙe wuya muna kallon ƙeyar na gabanmu kamar masu jiran a ɗauke su hoto. A ƙarƙashin ƙafata akwai kwano cike da kaza da matata ta soya, ina jin ɗuminshi a idon sawuna.

Bayanmu wani mahauci ne na kasuwar Batsari, ƙato mai wuya kamar turmi, mun san juna tun muna yara, kuma tun muna yara ba ya raga mani. Ya leƙo ta tsakanin kujeru da cinyar kaza a hannu.

"Mai fulogi, azumi kake? Baba, ku ma nafila ce? To Allah ya karɓa. Ni dai matafiyi ne, an yi mani rangwame."

Baba ya ja carbi. Ni na ce wa mahaucin ya mayar da kanshi inda ya fito da shi.

A zangon farko shugaba ya raba ayyuka, tunda babu mata a tare da mu. Aka ba mahauci girki, wani tela ya ɗauki shayi, wasu ɗebo ruwa, wasu gadin kaya. Da aka zo kan wanke-wanke kowa ya sunkuyar da kai. Dattawa ne da ba su taɓa ɗauraye ko cokali ba a gidajensu. Ni na ɗaga hannu tun kafin a rufe baki. Shugaba ya yi mani addu'a doguwa, ya ce a yi koyi da tawali'una. Ba tawali'u ba ne. Na lura mai wanke-wanke bayan mota yake kai tukwane, inda ba mai ganin shi, kuma a gindin kowace tukunya akwai ƙanzo.

Haka na rayu har muka kusa Ikko. Ana gama ci in kwashe tukwane in zagaya, in tsuguna, in zura kai cikin tukunya ina kankara da cokali kamar akuyar da ta samu turmi. Wata rana da hantsi ina cikin haka, kumatuna cike da ƙanzon shinkafa, sai na ga inuwa. Na ɗago. Baba ne, buta a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana fitowa daga aljihu, kumatunshi ɗaya ya yi tudu. Shi ma abin da ya kawo shi ke nan.

Ba ka ganin suruki ka ƙi gaishe shi. Na durƙusa sosai, na buɗe baki, abin da ya fito wani gurnani ne. Shi ma ya amsa da hanci. Muka yi gaisuwar nan tun daga kwana har gajiya har iyali da muka baro, duk da hanci, kowa na kallon tayar mota. Daga nan ya juya a hankali, ya tafi da butarshi cike kamar yadda ya zo da ita.

Tun daga ranar bai ƙara zagayowa bayan mota ba. Nan hankalina ya tashi, domin na kore shi daga wuri ɗaya tilo da yake ɓuya ya ci, ƙwayar kuwa kullum da safe ina miƙa mashi robar ina kallon gefe, ina jin ƙarar murfin, na san ya sha.

Sai na nemi mahauci. Na ce mashi, "Ka ji tsoron Allah ka taimake ni. Duk inda aka tsaya zan zuba wa Baba nashi, in ba ka, ka kai mashi. Ni zan yi nisa yadda ba zai gan ni ba. Ka tsaya har ya ci, ka dawo mani da kwano."

Ya ce, "Wannan ai aikin lada ne. Ka dinga sa mashi nama da yawa, tsoho sai da nama."

Aka fara. In ba shi kwano, in tafi can bayan wani shago ko gindin wata bishiya in tsaya kamar wanda ake bi bashi, in dawo in tarar da kwano fes.

"Ya ci?"

"Har ya suɗe."

Na kira matata a waya na ce mata ubanta yana ci kamar ɗan dambe. Ta ce Allah ya yi mani albarka. Rabon da ta faɗa mani haka har na manta.

Bayan mun fita Ikko muka fara ganin teku. Mota ta kaure da kabbara, tela har da hawaye. Ni ma na duba. Ruwa ne dai, da yawa, ya tafi har inda ido ya gaji, kuma duk yawan nan nashi ba zai shayar da akuya ɗaya ba. A ce a Karare, can wajenmu, aka ajiye rubu'inshi babu gishiri, da an ga albasa. Amma an kawo shi nan an ba mutanen da ba su da abin yi da shi sai kallo da kamun kifi.

A wani wuri bayan Kwatano aka yada zango kusa da ruwan. Shugaba ya ce tunda sabulu a hannuna yake, in haɗa da wankin dattawa. Haka ake yi wa wanda ya nuna tawali'u sau ɗaya. Na tattara riguna da wanduna na nufi teku ina cewa yau dai ba mai yi mani gorin ruwa. Na goga sabulu, na goga, na ƙara gogawa, ko kumfa. Sabulun nan ya zama kamar dutse a hannuna. Ina fama igiyar ruwa ta zo ta ɗauki wandon tela ta yi gaba da shi, na bi shi har ƙugu, ta dawo ta maka ni da ƙasa, ta ajiye wandon a gefena kamar ba ita ba. Wasu mata masu shanya kifi suka yi ta dariya suna nuna ni. Ban ji yarensu ba, amma na san abin da suka ce.

Na shanya kayan a kan yashi. A Batsari ka shanya riga ka shiga sallar azahar, ka fito ka sa abarka. Nan kuwa har aka kira tafiya suna nan jiƙe sharkaf. Na ɗaura igiya a cikin mota daga gaba har baya, muka ratsa ƙasar Togo wanduna na marin fuskokin dattawa duk inda aka taka burki. Ba su bushe ba. Suka fara wari irin na tsohuwar rijiya. Da suka ɗan sha iska kuma sai gishiri ya fito masu, suka sandare, kowa na tafiya yana susa. Ba wanda ya ƙara cewa a yi koyi da ni.

Ba tufafi kaɗai iskar wurin ta ɓata ba. Duk guzurin da muka taho da shi, wanda a gida zai shekara bai yi komai ba, ya lalace. Kilishi ya yi laushi kamar tsumma. Ƙuli ya yi gashi fari. Na ga Baba ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu, ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya jefar ta taga. Ban damu ba. Na ce ai yana cin kwano guda safe da rana. Na dai lura wuyan rigarshi ya ƙara faɗi, na ɗauka wankina ne ya buɗa shi.

Mun shiga ƙasar Gana, wata safiya ba a girka komai ba saboda direba na sauri, aka ce sai an kai gari na gaba. Baba ya sha ƙwayarshi kamar kullum. Rana ta ɗaga, muna kan wata hanya da teku ke hannun hagu, sai muka ji ƙara daga ƙasa, mota ta karkace ta tsaya. Sifirin ya karye. Aka sha fama, daga ƙarshe wata babbar mota ta yarda ta ja tamu zuwa garin, amma sai an rage nauyi. Aka sauke tukwane da buhuna a gefen hanya. Mutane suka ce za su taka da ƙafa, ba nisa. Baba ya miƙe zai bi su, ƙafarshi ta ƙi.

Shugaba ya ce, "Ku zauna nan inuwa da kaya, kai da Baba. Da mun isa za mu turo abin hawa."

Na dubi mahauci. Ya ce shi ne mai girki, dole ya yi gaba ya nemo cefane. Ya tafi yana rangaji, kuma a lokacin ne na fara lura cewa duk motar nan shi kaɗai ne rigarshi ta matse shi.

Aka bar mu mu biyu. Yashi, teku, da itatuwan kwakwa tsirara. Na shimfiɗa wa Baba tabarma a gindin ɗaya, na koma nesa na zauna kan buhu. Cikina na kuka har ina jin kunyar kada ya ji. A cikin kayan akwai buhun garin kwaki da gwangwanin sukarin tela. Na faki ido na ɗebi gari a kofi, na zuba ruwa, na nufi bayan wata kwakwa.

Wanda ya san kwakwa ya san ba ta ɓoye mutum. Ba kuka ba ce, ba tsamiya ba. Na tsaya a bayanta, kafaɗa ta fito ta nan, tumbi ya fito ta can. Na juya gefe, hannun da ke riƙe da kofi ya fito. Na koma wata, ta fi ta farko siranta. Na gangara bakin ruwa na ba shi baya na tsuguna, kamar mai tunanin ikon Allah, na ɗaga kofi ke nan ruwa ya zo ya cika mani shi da yashi.

Na dawo ina zagin teku a zuci, sai na ji Baba na magana. Na ɗauka wuridi yake. Da na matso na ji yana cewa, "A koro shanun nan daga cikin ruwa. Wa ya bar su suka shiga? Ga bijimin can zai nutse."

Kwalekwalen masunta yake nunawa. Gumi ya jiƙa mashi fuska, hula ta zame, hannunshi na rawa, carbi ya faɗi cikin yashi. Na kira shi, ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba, ya ce in je in kira mashi uwarshi. Uwar da ta rasu tun kafin a haife ni.

Na tuna abin da likita ya ce. Na ɗauko babban kwano, na zuba gari, na juye sukarin tela ban auna ba, na kwarara ruwa na dama. Na ajiye a gabanshi da cokali, na juya mashi baya.

"Baba, ga shi. Ba na kallo."

Na saurara ko zan ji ƙarar cokali. Na saci kallo ta ƙarƙashin hammata, na ga ya kama cokalin, ya suɓuce, ya sake kamawa, ya zubar a cinya.

Na matsa da baya da baya har na zo kusa da shi. Na karɓi cokalin, na ciko shi, na kau da fuskata wajen teku, na miƙa hannu ta baya inda nake zaton baki yake. Na ji ya taɓa wani abu mai laushi, na juye. Gemu ne. Na sake cikowa na ɗaga sama kaɗan. Hanci. Ya yi atishawa. Na uku na tabbata na samu rami, na tura, ya ture mani hannu, ashe kunne ne. A haka dai wani ya dinga zurarewa yana shiga inda ya dace, domin bayan ɗan lokaci na ji muryarshi ta dawo, a shaƙe amma tashi ce.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Bakin yana nan inda Allah ya aje shi. Juyo ka duba."

"Baba, ai ba ya yiwuwa."

"To kashe ni za ka yi da kunya? Juyo."

Na juyo. Fuskarshi duk gari, har gira. Na ciko cokali, ya buɗe baki, na ga haƙoranshi na ƙasa saura kaɗan, abin da ban taɓa sani ba duk tsawon zamanmu. Na dinga ba shi yana haɗiya, ni ina kallon cokalin kawai, shi yana kallon sama. Sannu a hankali rawar hannun ta tsaya. Ya karɓi cokalin da kanshi. Ya gyara hula.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ashe abincin da nake aiko maku ba ya isar ku? Da kun faɗa wa mahauci a ƙaro."

Ya tsaya da cokali a hannu. "Wane abinci?"

"Wanda yake kawo maku safe da rana."

"Yana kawowa. Ni kuwa ina ce mashi ya maida maka. Tunda muka baro gida ban ga ka ci komi ba sai gindin tukunya. In ci nama, mijin ɗiyata na kankarar ƙanzo kamar kare? Cewa nike ya kai maka, ya ce shi ya ba ka, ba ni ba. Ni ina da ƙulina." Ya shafa aljihu. "Har ya ruɓe."

"Bai taɓa kawo mani ba."

"Kullum sai ya dawo ya ce mani ka ci har ka suɗe."

Teku na ta haukanshi.

Ya turo kwanon tsakiyarmu. "Sa hannu."

"Na ƙoshi, Baba."

"Ƙarya kake. Tun Funtuwa nike jin cikinka, ya hana ni barci. In ba ka ci ba ni ma na aje, ka san abin da za ka faɗa wa ta wajenka."

Na ɗauko wani cokali. Na ɗebi kaɗan a bakin cokalin, na kai baki ina rufewa da hannu. Na biyu ya fi na farko. Daga na uku ban san abin da ya faru ba. Na dai farga na ƙaro gari, na ƙaro ruwa, na ajiye cokali na koma hannu, ina ɗaga kwanon ina kurɓar ruwan. Da na sauke shi na ga Baba ya daina ci, ya zuba mani ido, ido cikin ido, karo na farko tun da aka ɗaura mani aure.

Ya ce, "Haka kake ci?"

Bakina a cike yake.

"Kullum haka kake ci a gida?"

Na haɗiye. "Yunwa ce, Baba."

"Ni ina nan ina tausayinka. Ashe yarinyar nan ce abin tausayi. Shi ya sa duk zuwan da za ta yi sai in ga ta ƙara tsawo."

Da la'asar sakaliya wata ƙaramar mota ta zo ɗaukar mu, mahauci a gaba yana sakace. Ya sauko ya gan mu zaune kan tabarma ɗaya, kwano ɗaya a tsakiya, ya tsaya cak. Na miƙe da niyyar in kama wuyan nan nashi, duk da hannuna ba zai zagaye shi ba.

Ya ja da baya ya ce, "Tsaya ka ji. Kai ka ce in kai mashi, na kai. Shi ya ce in kai maka in ce ni na ba ka. To ni da kai tun muna yara na taɓa ba ka wani abu? Da ka gane ƙarya ce, asirin Baba ya tonu. In mayar wa Baba, ya ji kunya. In zubar, Allah ya kama ni. Ku biyu kun sa ni a tsakiya, na rufa maku asiri da cikina. Ka san wahalar cin kwano biyu a zafin nan?"

Baba ya ce a bar shi, hanyar ziyara muke. Amma ya sa shugaba ya karɓe wanke-wanke da wanki daga hannuna ya ba shi, har Kaulaha, har dawowa. Ni aka ba ni riƙon ludayi.

Sauran tafiyar ba ni da abin cewa a kanta. Mun isa, mun yi ziyara, Baba ya yi kuka ya yi addu'a, ni ma na roƙi abin da na roƙa. Kwano ɗaya muka dinga ci har gida. Ya sauka a tashar Batsari da kumatu, matata ta gan shi ta yi ta godiya, har ta yanka mani zakara.

Na ɗauka da mun taka ƙasar gida komai zai koma yadda yake. Bai koma ba. Mutumin da a da sai a yi shekara bai taka gidana ba, yanzu duk ranar kasuwa sai ya hau babur tun daga Tsaskiya, wai ya zo duba farashin shanu. Ba ya kaiwa kara. A rumfata yake sauka, ya zauna kan bencina, ya kori masu sayen fulogi da labarin yadda na zuba mashi gari a kunne. In an kawo mani abinci daga gida shi ke buɗe kwanon. Da 'yan haƙoran nan nashi yake tsince naman tas, ya turo mani ƙashi, yana cewa in rage loma, mutane na kallo.

Na ce wa matata ta yi mashi magana, a dawo da kunya kamar da, ai al'ada ce, ba mu muka fara ta ba. Ta ce ita ba ta iya yi wa Baba irin wannan magana, ɗiyar fari ce. In faɗa mashi da kaina tunda yanzu ni ne abokinshi.

Ran kasuwar da ta wuce na gwada. Na ga babur ɗinshi ya shawo kwana, na ɗauki kwanon na zagaya bayan rumfa na tsuguna. Ban kai ga buɗewa ba na ji shi a kaina.

"Matsa mani," in ji shi. "Nan ma ya fi iska."